Hannun da ke Bayan Faifai

Inna ba ta taɓa mallakar jere ba, irin wannan da matan yanzu ke cika ɗaki da shi har baƙo ya rasa inda zai sa ƙafa. Abin da aka kawo ta da shi Kalgo daga garinsu Masama bai wuce ƙorai da tabarmi da tasa guda ta jan ƙarfe ba, ita ma tasar shekarar yunwa ta ci ta. Duk da haka, in ta gama gyaran ɗakinta na shekara, matan unguwa ba su da wurin leƙe sai nan. Mace ta shigo wai ɗiban wuta, ta tsaya baki sake tana kallon bango har garwashin ya mutu mata a kasko. Inna ta sake zuba mata wani, mu kuwa mun san daɗi take ji.

Mu 'ya'yanta mu ne 'yan ƙwadagonta, ladanmu kuwa ƙanzo. Ni ce babba a cikin waɗanda suka rayu, sai ƙannena maza biyu, sai auta mace. Da an kai hatsi rumbu, ruwan fadama ya fara ja da baya, sai ta miƙa mana tsofaffin ƙorai ta kora mu bakin gulbi tsintar ƙumba, ɓawon nan na ruwa mai ƙyalli daga ciki. "Wanda duk yak kawo min fasassa, da ita za ya sha kunu," in ji ta. Mu dawo ƙafa duk taɓo, ta zauna ta tsince, ta watsar da rabi, mu yi ta ƙunƙuni a banza. Kashegari a tura mu haƙar farar ƙasa a wani kwazazzabo da ke hanyar Diggi. Jibi kuma a sauko da kwasfar ɗorawa da muka tara tun bazara, mu daka, a jiƙa ta zama makuba, ruwan nan mai duhu da ke sa yaɓe da daɓe su yi ƙarfi. Warin makuba kuwa, kai! Sai ka yi kwanaki kana jin sa a hannunka.

Ba a zubar da komai a hannun Inna. Ƙwarya ta tsage, ta ɗinke ta. Ta sake tsagewa har ɗinki ya ƙi, ta yanka ta 'yan ƙanana, ta ɗora wuƙa a wuta ta zane su, ta huda, mu zura su a zare a rataya a bakin ƙofa, in iska ta kaɗa su riƙa ƙara. Tukunya ta fashe, babban ɓarin ya zama kaskon fitila, ƙaramin kaji su sha ruwa a ciki. Zane ya mutu, a tsaga shi a tufka ragaya ta rataye ƙoran nono, abin da ya rage auta ta ɗaura wa 'yar tsanarta. Ita kanta 'yar tsanar kara ce, gadonta kara, dokin ƙannena kara, shanunsu laka ce da suka murza suka shanya a rana. Ban taɓa ganin an sayo mana abin wasa ba, kuma ban tuna mun taɓa zama muna jin mun rasa ba. Yanzu in na ga jikokina suna birgima a ƙasa don an hana su abin kanti, haushi ke kama ni, sai in tashi in ba su wuri.

Ranar yaɓe kuwa ranar tsawa ce. Ta kwaɓa laka da makuba, ta shafe bango da tafin hannu sumul, ta bi da farar ƙasa, sannan tun da sauran danshi ta fara dasa ƙumba layi-layi, cikin yana kallon ƙofa don hasken safe ya faɗa a kai. Ja daga karan dafi take samu, rawaya daga gangamau, baƙi daga gindin tukunya, shuɗi kuwa guntun ruwan baba take roƙowa a marina, wanda dama zubarwa za su yi. Da kuɗin Nasara suka shigo aka daina karɓar wuri a kasuwa, Kaka, wato uwar babanmu, ta tono tukunyarta ta kuɗin wuri ta zauna a kai tana sallallami. Inna ta lallaɓa ta kwashe, ta kewaye bakin ƙofa da tagar ɗaki da su. Tun daga ranar, Kaka ba ta shiga ɗakin sai ta ce, "Sannu mai liƙe dukiyar mutane a bango." Mu aikinmu miƙo ƙumba da riƙe ƙwarya. Wanda duk tsautsayi ya sa ya taɓa ɗanyen yaɓe, ko da ɗan yatsa ne, tsintsiya ce rabonsa, kuma babu mai cetonsa.

In suna ya taso a unguwa, ko Salla ta zo, sai a ƙara wasu abubuwan. Ta rina kaba kala-kala, mu tsaga siri-siri, mu ɗaura a igiya daga bakin ɗaki zuwa gindin rumbu. Mu 'yan mata mu zura jajayen 'ya'yan idon zakara mu yi abin wuya. Ta saƙa sababbin faya-fayai ta rataya, ta jera ƙoranta a kife bayan ta goge su da farar ƙasa sun yi fes. Maƙwabta su zo aro, ta ba su, a dawo mata da rabi a lalace, ta yi tsaki ta gyara.

Akwai faifai guda da ba a aronsa. Yana rataye bisa gadonta na ƙasa, daidai inda kanta ke kwanciya, kuma kowace Salla sai ta saƙa sabo ta sauya shi. An hana mu taɓa shi, saboda haka na taɓa. Wata rana ta tafi rijiya, na hau gado na ɗaga. Abin da na gani tafin hannun yaro ne, na dama, ya nutse cikin tsohon yaɓe, ƙaramin yatsan ya ɗan karkace waje. Na ɗora nawa a kai, nawa ya fi shi kaɗan. Raina ya ɓaci. Wato mu a yi ta jibgarmu don ɗan yatsa guda, ga wani ya danna hannu gaba ɗaya har an saƙa masa murfi!

Na kwashi ƙarata na kai wa Kaka, don ita kaɗai ce a gidan ba ta da linzami a baki.

"Ke mummunar nan, mi kika biɗa bayan faifan mutane?" ta ce. Ta ja kunnena, sannan ta zaunar da ni ta ba ni labarin.

Hannun yayana ne, ɗan farin Inna, wanda ya rasu tun ban san kaina ba. Ku na yanzu sai an yi muku bayani. A wancan zamani uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta yi masa wasa, ko nono sai an matsa mata take ba shi, tana kau da kai. Kunya ake ce wa abin, kuma wadda ta fi iya ta ita ake yabo. Mutanen su Inna kuwa, da yake jinin makiyaya ne, tasu ta fi ta kowa tsanani. Da aka yaye shi, uwar Inna ta zo ta goya shi ta tafi da shi Masama, a can ya tashi. Sau ɗaya aka kawo shi Kalgo da wayonsa, ya faɗo daidai ranar yaɓe. Tsakar gida cike da mata. Yaro ya shiga ɗaki, ya hau gado, ya danna hannunsa a bango, ya fito yana nuna wa kowa laka yana dariya. Ya zo gaban Inna ya miƙa mata tafin. Ita kuwa ido duk a kanta, sai ta ɗaure fuska ta ce da matan, "Ku janye yaron ga, ya ɓata min aiki."

Kaka ta ce kowa ya zaci za ta shafe wurin. Ta shafe ko'ina, ta bar nan, wai lakar ta riga ta sha iska. Aka mayar da yaro Masama. Da bazara ƙyanda ta shiga garin, ta tafi da shi, labari bai iso Kalgo ba sai da aka kwana biyu da binne shi. Inna na daka lokacin da aka faɗa. Ta ɗan tsaya, ta ce Allah ya jiƙan Musulmi, ta ci gaba da dakanta, mata suna ta yaba haƙurinta. "Ba riga, ba laya, ba ko ƙwaryar da yac ci tuwo," in ji Kaka. "Kabarin ma ba ta san wajen da yake ba. Wanga hannu shi kaɗai gare ta. In kin sake ɗaga faifan nan, ni za ni karya ki."

Ban sake ɗagawa ba, amma na fara lura. Kowace shekara in yaɓe ya iso wurin, sai ta aike mu waje, ɗaya ɗebo ruwa, ɗaya korar awaki. In muka dawo ta riga ta zagaye shi, ta mayar da faifai. Da yake bango na ƙara kauri shekara bisa shekara, wurin kuma bai ƙaru ba, sai ya zama gurbi, zagayayye, mai ɗan zurfi, hannun yana can ciki. In damina ta yi ƙarfi, kafin ta duba hatsi sai ta duba ko jinka na yoyo ta wannan gefen. Babanmu ya taɓa cewa zai rushe ɗakin ya gina mata wanda ya fi shi faɗi. Ta ce wannan ya ishe ta. Ya dube ta, bai sake tayar da maganar ba.

Aka yi mini aure a Gwandu, gidan malamai masu rufin asiri, waɗanda matansu ke da tasoshi har da na ajiya. Da cikina na fari ya tsufa aka mayar da ni Kalgo in haihu gaban Inna, kamar yadda ake yi. Na sauka lafiya da sanyin kaka, namiji. Aka kwantar da ni a gadon Inna ana hura wuta ƙarƙashi, faifan nan bisa kaina. Ni ma na shiga tawa kunyar. In mata sun shigo barka sai in ja mayafi in juya wa jaririn baya, a yi ta dariya ana cewa ɗiyar Inna ce ba musu.

Hankalin Inna duk yana kan matan Gwandu da za su zo suna. Ba ta faɗa ba, amma na ga tana tsoron a raina ni saboda ɗakinta. Ta sa ƙannena sun kwaso ƙumba fiye da kullum, ta sake farar ƙasa, ta kira mata aka yi sabon daɓe har yana ɗaukar ido, igiyoyin kaba suka cika tsakar gida. Wallahi ban taɓa ganin ɗakin ya yi kyau irin na wannan karon ba. Amma in ta tsaya ta duba sai ta ce, "Su da suka saba da tasa."

Matan Gwandu suka iso ana jibi suna, da jakuna da kaya. Shugabarsu goggon mijina ce, ƙanwar babansa, wadda ta rene shi. Doguwar mace, mai murya, mai kyauta, irin mutanen da in sun so ka sai sun gajiyar da kai. Ba na so kowa ya ɗauke ta muguwa, don ba ita ba ce. Tun daga ƙofar gida ta fara guɗa. Ta shiga ɗaki ta tafa hannu ta ce, "Lalle! Wagga mata da hannu take!" Ta bi ƙumba ɗaya-ɗaya tana shafawa, ta yi wa kuɗin wurin Kaka da ke liƙe a bakin ƙofa dariya har da hawaye. Sannan ta kwance wani ƙunshi da ta ɗauko a kanta tun daga Gwandu, ta ƙi yarda a ɗora wa jaki. Farantin tangaran ne fari, mai furanni shuɗi a baki, wanda wani ɗan'uwansu ya sayo a kantin Nasara a Jega. A lokacin shi ne sabon yayi, a dasa faranti a jikin bango da laka, kuma a duk unguwarmu ba mai ko ɗaya. Ta ce na Inna ne, tukwicin renon da ta yi wa matar ɗansu. Inna ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu.

Kashegari da hantsi Kaka ta fitar da ni bayan ɗaki wankan jego. Ruwan ya yi zafi fiye da kima, na yi ta zillewa, tana zagina tana fyaɗa mini ganye, muka ɓata lokaci tana surka ruwa ina gardama. Abin da ya faru a ɗaki kafin mu dawo, daga bakin matan da ke wurin na tattara shi daga baya.

Goggo ta tashi da ƙwazonta, ta ce ba za a yi suna faranti na cikin tsumma ba, yau za ta dasa shi da hannunta. Ta sa aka kwaɓa laka. Ta duba bango sama da ƙasa tana neman wuri, ko'ina ƙumba. Sai ta hau gado ta ɗaga faifan.

"Ikon Allah! Ga gurbi ma an tanada!" Ta kara farantin, ya zauna ɗas kamar an auna. Matan suka ɗauki shewa. Ta cire, ta leƙa ciki, ta ce, "Af, hannun wa ag ga nan?"

Inna na tsaye bakin ƙofa. Surukai cike da ɗaki, ga maƙwabta. Kalma kaɗan za ta faɗa a wuce wurin. Da ta ce na babban yaron nan ne da ya rasu, Goggo mace ce mai hankali, da ta mayar da faifan da kanta har ta yi addu'a. To amma yaya za ta ambaci ɗan fari gaban surukan ɗiyarta, ta nuna wa duniya cewa shekara da shekaru tana kwana ƙarƙashin hannunsa? Yaya kuma za ta ce wa mai kyauta kada ki sa nan? Ta sunkuyar da kai ta ce, "Wasan yara ne."

"Haka suke, nawa ma sun gama da bangona. In gyara miki?"

Inna ta yi shiru. A wurinmu kuwa in mai kunya ta yi shiru, ta yarda ke nan.

Maƙwabtanmu biyu da ke ɗakin sun san ko hannun wa ne. Su ma suka yi shiru, wai kada su kunyata ta. Wannan shi ne abin da har gobe in na tuna yake ci mini rai. Mata cike da ɗaki, kowa na kare mutuncin kowa, aka rasa mai buɗe baki!

Sabuwar laka ba ta kama tsohon yaɓe mai santsi, duk mai aikin bango ta san haka. Sai an kankare, an jiƙa. Goggo gwana ce, ba ta aikin ha'inci. Ta karɓi wuƙa ta kankare gurbin tas, sannan ta waiwaya ta ce a ba ta ruwa. Inna ce ta fi kusa da randa. Ita ta ɗebo.

A nan muka shigo, Kaka na riƙe da ni. Na ga faifai a ƙasa, na ga garin tsohon yaɓe ya zuba a kan tabarmar gado, na ga Inna tsaye da ƙwarya a hannu biyu, Goggo na tsoma hannu tana yayyafawa. Kaka ta saki hannuna ta ce, "Inna lillahi!" Ta buɗe baki za ta fasa ɗakin, na san ta, ba ta jin kunyar kowa. Inna ta ɗago ta dube ta, kallo ɗaya, ta girgiza kai kaɗan. Aikin gama ya riga ya gama, abin da ya rage kawai a kunyata baƙuwa. Kaka ta haɗiye maganarta, ta ce wai ƙafarta ce ta murɗe.

Goggo ta cika gurbin da laka, ta danna faranti, ta goge bakinsa da gefen zanenta, ta sauko tana haki. Inna ta ce, "Sannu da aiki, Goggo. Allah shi saka da alheri." Ta sa tsintsiya ta share garin da ke kan gado, ta tara a tafin hannu, ta fita da shi. Ban san inda ta kai shi ba.

Da ma ruwan wankan nan bai yi zafi ba. Da ma ban tsaya gardama ba, da Kaka na ɗakin. Na yi wannan da-ma ɗin har na gaji, ba ta taɓa mayar da komai ba.

Suna ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. An yanka rago, an yi tuwo da masa, mata sun cika gida har waje. Duk wadda ta shiga ɗaki farantin take fara gani, a yi ta kiran juna a zo a duba. Ƙumbar da ƙannena suka sha taɓo a kanta ba wanda ya kula. Inna ta yi ta kai da kawo da akusa, tana amsa barka, tana dariya inda ya kamata. Matan Gwandu suka koma suna yabon gidanmu, kuma albarkacin wannan ban taɓa jin gori a gidan miji ba. Goggo har ta koma ga Allah ba ta san abin da ta kankare ba, kullum in ta gan ni sai ta tambayi farantinta.

Washegarin tafiyarsu, da hantsi, gida ya yi tsit. Maza sun tafi fadama, Kaka ta fita gaisuwa. Daga ni sai Inna sai jariri. Ta sakaya ƙofa, ta hau gado, ta sa bakin wuƙa ta ɓamɓare farantin a hankali ta ajiye gefe. Ta ciro ƙumba guda daga bango ta fara kankarar sabuwar lakar, kaɗan-kaɗan, tana hurawa, tana shafawa da yatsa. Ta ga lokacin da aka kankare hannun da idonta, amma ta yi ta yi. Rana ta ɗaga, lakar ta ƙare, ta kai ga tubalin ginin. Ko alamar yatsa ɗaya babu.

Ta ajiye ƙumbar. Ta sa tafin hannunta cikin ramin, ta daɗe a haka. Sai na ji ta kira sunansa. A hankali ta faɗa, kamar yana bayan ɗaki tana so ya zo ya karɓi abu. Tunda nake ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Ta sake faɗa. Sannan ta zauna a bakin gado ta yi kukan da ba ta yi ba ranar da take daka.

"Ya miƙo min hannu," ta ce. "Nic ce a janye shi."

Na ce ta yi haƙuri. Ta ce haƙurin ne ya kai ta nan. Ta share fuska da gefen zane, ta dubi jaririn da ke cinyata, ta dube ni.

"Ba kowa a ɗakin ga. Kira shi in ji."

Na gane abin da take nufi. Na dubi yaron, ga sunan a bakina, jiya-jiya aka raɗa masa, suna mai sauƙi. Na buɗe baki, kunya ta shaƙe ni. Uwata ce zaune gabana, yaya zan yi? Na yi 'yar dariya na ja mayafi na rufe fuska.

"Kira shi, ɗiyata."

Na ce, "Haba Inna."

Ba ta sake matsa mini ba. Ta tashi ta kwaɓa laka, ta cika ramin, ta mayar da farantin daidai yadda Goggo ta sa shi, don kada wani daga Gwandu ya zo ya tarar babu. Ƙarƙashinsa ta ci gaba da kwana har ƙarshen ranta. Ta ci gaba da ɗinke ƙorai da tufka ragaya, don gida ba ya gudana sai da su, amma ba ta sake aika kowa tsintar ƙumba ba, kuma Salla ta zo ta wuce ba ta saƙa faifai ba. Auta ta tambaye ta dalili, ta ce idonta ne ya fara rauni.

Ɗakin ya rushe da daɗewa. Farantin yana wurina, cikin adaka, bakinsa ya ɗan ɓalle. Na kasa cin abinci a ciki, na kasa bayarwa. Yaron nan da na haifa a ɗakin kuwa Allah ya raya shi, ga shi can da furfura a gemu da jikokinsa. Kowace safiya yakan zo ya durƙusa bakin ƙofata ya gaishe ni. Sau da yawa nakan shirya tun da asuba, in ce yau kam zan kira sunansa, in ji takunsa, in gyara zama. Ya yi sallama, in ce, "Kai ne? Shigo."